Awon Hannun Yaya

Ni ɗiyar maƙera ce, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. A Ƙanƙara aka haife ni. Babanmu maƙerin fari ne, wato zobba da 'yan kunne da mundaye ne aikinsa, garma da fartanya na wasu ne. Mu biyu Allah ya ba shi, duka mata, Yaya da ni. Yaya ta ɗauko hannun Inna wajen girki da haƙuri, ni kuwa na ɗauko baki da son taɓa abin da ba a aike ni ba.

A gidanmu akwai wani guntun sulke, irin rigar ƙarfen nan ta mayaƙan da, bai wuce tafin hannu ba. Ba wanda ya san inda sauran rigar ta shiga. Inna ta maishe shi abin kankare ƙanzo a gindin tukunya, kuma wallahi ya fi soson ƙarfen kanti aiki. Duk ranar da wanke-wanke ya faɗo kaina sai in zauna bakin rariya ina juya shi a hannu, tukwane na jirana. 'Yan ƙananan zobba ne zalla, kowane ɗaya ya riƙe huɗu, su ma huɗun kowa ya riƙe nasa, ba zare ba ɗinki, amma abin yana lanƙwasa kamar ƙyalle. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Baba ne wata rana ya tsaya a kaina ya ga abin da nake kallo, ya shiga maƙera ya fito da tsofaffin filaya biyu da ragowar waya, ya zube mini a gaba. Ya ce, "Je ki yi ta ɓatawa, da haka ake iyawa." Na kuwa ɓata waya ba kaɗan ba.

Aikin ba wuya gare shi ba, cin rai gare shi. Za ki samu doguwar ƙusa, ki naɗe waya a jikinta tsaf, zagaye na bin zagaye, ba tazara. Ki zare ƙusar, ki kama naɗin ki bi shi da siririn zarto, sai zobba su riƙa zubowa a faifai ɗaya bayan ɗaya. Masu gaggawa da almakashin ƙarfe suke yankawa, shi ya sa bakin zobensu ba ya haɗuwa, ya yi ta cizon gyale yana tsinke gashi. Ni zarto nake sa wa, ko da zan wuni a kai. Daga nan sai saƙa: filaya a dama, filaya a hagu, ki buɗe, ki zura, ki rufe. In na gama sarƙa ko munduwa sai in ja ta a kan wani tsohon gyalena mai santsi. In ta kama zare ko ɗaya, to akwai bakin da bai rufu ba, kuma sai na nemo shi.

Aure ya kawo ni Faskari, Yaya kuwa tun kafin nan ya kai ta Sabuwa. Maigidana manomin masara ne. Bai taɓa hana ni sana'ata ba, sai dai in ya taka zobe a tsakar ɗaki ya yi tsaki ya ce wata rana a cikin tuwo zai tsinci ɗaya. Dillaliya na ɗaukar kayana ta kai Daudawa da Ruwan Godiya, 'yan mata na so, amare na so. Alhamdu lillahi, ban nemi fiye da haka ba.

Wayar aikin kuwa daga Sabuwa take zuwa mini. Mijin Yaya, wanda duk muke kira Malam, naɗin kwayil yake yi. Fanka ta ƙone, injin ban-ruwa ya ƙone, janareta ya ƙone, wurinsa ake kaiwa, ya warware tsohuwar wayar jan ƙarfe ya naɗa sabuwa. Tsohuwar ita ce rabona. Yakan tara mini a buhu, masu kauri daban, sirara daban, don mutum ne mai tsari har abin ya so ya yi yawa. Ni kuma in babbake ta a garwashi fentin jikinta ya ƙone, in goge da toka da ruwan tsamiya har ta yi ja wur, sannan in ɗaure ta a jikin turmi in yi ta ja da tsumma har ta yi tauri. Tsakanina da Malam wasa ne, irin na mutum da ƙanwar matarsa. Ina ce masa mai tsintar bola, yana ce mini maƙeriya marar wuta.

Wata rana farkon damina ya zo gyaran injin wani Alhaji a Daudawa, ya biyo ta gidanmu. Suka gaisa da maigidana a zaure, aka shigo mini da buhun waya, sai kuma aka ce Malam na son magana da ni. Na sako hijabi na fito. Ya yi ta kame-kame, ya tambayi yara, ya tambayi kaji, kafin ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar waya da aka lanƙwasa ta zama da'ira, aka murɗe bakinta.

"Wata ce ke son munduwa, irin saƙar nan taki mai faɗi," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ga awon hannunta."

Na ce, "Wace watan? Ba ta da suna?"

"Ke dai kin cika surutu."

Na ɗaga da'irar na duba. Yo ai ko makaho ya shafa ya san hannun. Duk zuri'armu mace ɗaya ce ke da wuyan hannu irin wannan, cikakke, mai ninki, wanda awarwaron kanti ba ya shiga sai da sabulu. Na ce, "Malam, wannan ai hannun mai cin tuwon masara da man shanu ne. Wayar buhu guda za ta zagaye shi kuwa?" Ya ja hannun riga ya rufe baki yana dariya, maigidana ma ya kau da kai yana murmushi. Mutumin da shekara da shekaru ban taɓa ji ya kama sunan matarsa a gaban mutane ba, yau ga shi da awon hannunta a aljihu. Ya ce, "Kar ki gaya mata. Sai Sallah."

Na rataye awon a ƙusa bayan ƙofa. Sallah da ɗan saura, na ce bari in sallami masu biki tukuna.

Malam bai ga Sallar ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kai shi asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yaya ta shiga takaba. Mai takaba dai an sani, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ɗan kunne balle munduwa, tana gida har watanninta su cika. Wannan duk ba shi ya dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne Yaya ta daina cin abinci. Yaya fa! Matar da take tuƙa tuwo tana ɗanɗana miya tana ba ka labari duk a lokaci guda, wadda in ka ci abincinta ba ka ƙara ba sai ta ce ka raina ta. Ba ta kuka a gaban mutane, ba ta ƙorafi. A kawo mata kwano, ta yi loma ɗaya ko biyu, ta rufe ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Bayan an share makoki, 'ya'yanta sun koma gidajen aurensu, kowa ya watse, sai Hajiya mahaifiyar Malam, wadda suke gida ɗaya, ta bugo mini. Ta ce, "Ɗiyata, ki taho. Na rasa ɗa, ga shi ina kallon yayarki tana ƙarewa a gabana."

Na roƙi maigida, ya ce in tafi. Na bi motar safe, lokacin da hanya ke da mutane, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Na ɗauki faifaina da filaya da wayar buhun nan na ƙarshe, na ciro awon daga bayan ƙofa na sa a jaka, don ni hannuna ba ya iya zama haka nan.

Da na ga Yaya sai da gabana ya faɗi. Zane ya zagaye ta har ya yi saura. Na shiga madafa da zafina, na yi dambu, na yi faten tsaki da yakuwa, na yi ɗanwake har da ƙwai. Loma biyu, "na ƙoshi." Na lallashe ta, na yi mata wa'azi, ni da ban kai ta karatu ba. Ranar da haƙurina ya ƙare na ce, "Yaya, so kike ki bi shi? To ki gaya mana mu sani, mu daina ɓata itace!" Ta dube ni kawai, ta nuna maƙogwaronta ta ce, "Ba ya wucewa ne, auta." Na zagaya bayan ɗaki na sha kukana, na ji haushin wannan baki nawa.

Washegari da hantsi na bar wa Hajiya girki, na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Yaya na baje kayana. Na fara aikin Malam. Na zaɓi waya mai ɗan kauri, na naɗe, na yanka. Sabbin zobba in sun fito daga zarto bakinsu na da kaifi, don haka nakan zuba su a gorar roba da yashi mai laushi da ruwan sabulu, in yi ta girgizawa har su yi sumul. Ina cikin girgizawa sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Ke har yanzu ba ki bar tsince-tsincen nan ba?"

Na ce, "In na bari in yi mi? Zo ki karɓe ni, kafaɗata ta gaji."

Ƙarya nake, kafaɗata lafiya lau. Ta fito ta zauna, ta karɓi gorar, ta riƙa kaɗawa a hankali kamar mai kaɗa nono. Idonta ya sauka a kan awon da ke gefen faifai. Na yi maza na ce, "Na wata ce a Ruwan Godiya, mai jiki." Ta ci gaba da kaɗawa.

Da aka kwana biyu sai na miƙa mata filaya. Aikin ya fi tafiya da mutum biyu, ɗaya na buɗe zobba tana jerawa, ɗaya na saƙawa. Na farkon da ta kama sai ta ja bakinsa hagu da dama, ta wage shi. Na ce, "Kai, Yaya! Ba bakin buhu ba ne fa! Murɗawa ake yi, wannan gefen ya yi gaba, wancan ya yi baya. In kika wage shi ya tashi daga aiki, ba zai koma daidai ba." Ta ɗauki wani, ta sake wagewa. Na ƙwace na nuna mata. Ta ce, "Oh ni, yau ga ranar da auta ke koya mini aiki. Ke da na goya a bayana?" Na ce, "Goyo daban, filaya daban." Sai ta yi dariya, 'yar gajeruwa, har ita kanta ta tsorata ta rufe baki. Hajiya tana tankaɗe a can gefe, na ga ta tsaya cak, sannan ta ci gaba da tankaɗenta.

Ba a rasa masu magana ba. Wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa ta gan mu, ta riƙe haɓa ta ce, "Mai takaba da kayan ado a hannu? Halan yanzu an sauya?" Na buɗe baki zan ba ta amsar da za ta raka ta har gida, Hajiya ta riga ni. Ta ce, "Sawa aka hana ta. Kin ga ta sa? Ɗana ne ya rasu, kuma wayarsa ce. Ku bar mini ɗiya ta yi abin da zai ɗebe mata kewa." Matar ta sha ruwa ta yi sallama. Amma daga ranar na kiyaye, ko da wasa ban taɓa ɗora saƙar a hannun Yaya ba, ko don gwaji. A jikin awon Malam kawai nake gwadawa.

Hajiya ce ta ɓullo da dabarar da ta fi duk girkina. Ba ta ƙara ce wa Yaya "ci" ba. Sai dai in mun zauna aiki ta ajiye ɗan kwano a gefen faifai, yau dafaffiyar gyaɗa, gobe gasasshiyar masara an ɓare, ta yi tafiyarta. Ni ina ci ina zuba, ina ba Yaya labarin 'yan matan Daudawa masu son sarƙa har cibiya. Wani lokaci sai in ga hannunta ya tafi kwanon da kansa. In na gani sai in kau da kai, in ƙara wa labarin gishiri. Ba wani ci ne na a zo a gani ba, tuwo dai har lokacin loma biyu ne. Amma ta daina zama a ɗaki ita kaɗai.

Zan faɗi gaskiya, duk da halin da ake ciki zaman nan ya yi mini daɗi. Tun da aka kai Yaya ɗakin miji ban samu zama da ita haka ba, sai dai biki ko suna, ana hayaniya. Yanzu kuwa ga mu a tabarma ɗaya, ba abin da ake ji sai ƙaras-ƙaras ɗin filaya da kukan kurciya. Muka tuna Inna da guntun sulkenta, muka tuna ranar da Baba ya nemi ɗan kunnen wata amarya ya rasa, ashe yana cikin hularsa. In ruwa ya taso mu kwashe faifai da gudu mu shige ɗaki, zobba na zuba, ina masifa.

Haka muka yi ta yi. In koma Faskari in ga gidana, in bar mata zobba a gwangwani ta buɗe, in dawo in tarar ta jera su reras a faifai. Da gangan na ƙi sauri. Munduwar da zan gama a 'yan kwanaki na ja ta har masara ta bushe a gona, in saƙa, in ce ban yarda da wannan layin ba, in warware. Yaya ta ce, "Matar nan ta Ruwan Godiya akwai haƙuri." Na ce, "Sosai ma." Kullum ina ganin wuyan hannunta a kan faifai, ƙashi ya fito, na san sarai awon nan ya yi mata yawa yanzu. Ban damu ba. Daɗin saƙar sulke ke nan, in ta yi yawa a buɗe zobba a cire layi, in ta yi kaɗan a ƙara. Na ce a raina ranar fita takaba na rage mata.

Ranar da takaba ta cika, gidan ya tashi da ƙanshin wainar sadaka. Yaya ta yi wanka, mai kitso ta zo, aka sa mata lalle, ta zizara kwalli. Hajiya ta fito da sabuwar atamfar da ta sa aka ɗinka mata. Mata suka cika tsakar gida, ana ta "Allah ya jiƙan Malam, Allah ya ba da ladan haƙuri." Yaya na amsawa da murmushi, amma na ga farantin wainar da aka ajiye mata yana nan a rufe yadda aka kawo shi, har wata ta ɗauke ta mayar madafa. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Ga takaba ta ƙare, ita kuwa ba ta dawo ba.

Na ja ta ɗaki na sakaya ƙofa. Na kwance ƙullin gyalena na fito da munduwar. Na riga na wanke ta da tsamiya, na ja ta a kan tsohon gyalen nan ba ta kama zare ko ɗaya ba. Na ce, "Miƙo hannu." Ta miƙo ba musu. Na zagaya mata, na maƙala ƙugiyar. Yaya ta juya hannun ta duba, sannan ta sauke shi. Munduwar ta zame, ta bi ta kan yatsu, ta faɗi a tabarma.

Na yi wuf na ɗauka, na jawo filaya daga jaka. "Ba komai, yanzun nan zan rage. Layi kaɗan ne."

Ta dafe hannuna. "Mi za ki rage?"

"Ta yi miki yawa, Yaya."

"Ajiye filayar nan, auta." Ta karɓi munduwar ta shimfiɗa a cinyarta, tana bin ta da yatsa. "Kina tsammani ban sani ba? Tun ranar da kika baje faifanki na gane. Wata rana ina tuƙa tuwo Malam ya shigo madafa, abin da bai saba ba, ya kama mini wuyan hannu da yatsu biyu. Suka ƙi haɗuwa. Na ce, 'Malam, lafiya?' Ya ce, 'Lafiya lau, tuƙa abinki.' Ya fita yana riƙe da yatsun a buɗe haka, kar awon ya ɓace masa, har ya yi tuntuɓe da bokiti. Daga bakin murhu ina hango shi yana lanƙwasa waya."

Ta yi dariya, hawaye na zuba, kwallin da aka sa mata yanzu-yanzu ya bi kumatu. Ni ma na zauna na taya ta. Duk ƙaryar Ruwan Godiya da na yi ta shararawa, ashe kallona kawai take yi.

Ta share fuska ta ce, "Wannan shi ne hannun da ya sani. Ba za ki cire ko zobe ɗaya ba. Ita daidai take, ni ce na ragu." Ta mayar da munduwar, ta tura ta sama har kusa da gwiwar hannu inda za ta tsaya. Sannan ta ce, "Wainar nan da saura, ko 'yan gaisuwa sun cinye?"

Ban san lokacin da na kai madafa ba, ko takalmi ban sa ba. Hajiya ta ga ina zuba miyar taushe, ta ɗauko ƙullin yaji ta ɗora mini a gefen faranti. Yaya ta ci a hankali, tana tsayawa tana hutawa, amma ta ci, har ta sa yatsa ta suɗe miyar.

Ba a rana ɗaya ta dawo ba. Duk zuwan da na yi Sabuwa, kafin mu gama gaisawa sai in kai ido hannunta in ga inda munduwar ta tsaya. Da farko tana can sama. Da bazara ta shigo ta sauko tsakiya. Yanzu tana wuyan hannu, inda Malam ya auna, har ta bar mata koren shaidar nan ta jan ƙarfe a fata, ita kuma ko a jikinta. Ta zaɓi ta zauna da Hajiya, suna wainar sayarwa su biyu, kuma har yau in na kai zobba ita ke buɗe mini, ba ta wage ko ɗaya.

Kwanan baya ta bugo mini tana ƙorafi, wai ƙugiyar ta fara yi mata wuyar maƙalawa, ko zan ƙara mata layi ɗaya.

Na ce, "Ba ke kika ce kar a taɓa ba?"

Ta ce, "Cirewa na hana."

Na ce to, ta ajiye mini waina mai zafi, ina nan tafe da filaya.